Littattafan yaƙi da bauta da dokokin zamaninsu: wa ake tuhuma, ubangida ko doka?

Duk lokacin da maganar bauta ta taso a Maradi, a gidan rediyo ko a fadar samari ana jiran shayi, ba a daɗewa sai wani ya ce ai a zamaninsu doka ta yarda, me za a tuhume su da shi. Wani kuma ya amsa cewa bautar Amurka daban, tamu daban, kada a ɗauko littafin Bature a auna kakanninmu da shi. Kowace magana cikin biyun akwai gaskiya a jikinta, kuma kowacce ta bar wani abu a baya. Ana gane abin da aka bari idan aka ajiye ƙagaggun labaran da aka rubuta kan bauta kusa da dokokin da ke aiki ranar da aka rubuta su. Marubutan da suka yi tasiri sun san dokar zamaninsu sarai. Abubuwa da yawa da mai karatu ke ɗauka ƙirƙira ce, sashen doka ne marubuci ya sa masa suna da fuska.

Abubuwan da ake cakuɗawa

Bauta a ma'anar doka ita ce wadda yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1926 ta bayyana: halin mutumin da wani ke amfani da ikon mallaka a kansa, ko duka ikon ko wani yanki nasa. Ba sai an ga sarƙa ba. In ana iya sayar da mutum, ko a ba da shi kyauta, ko a raba shi cikin gado, ma'anar ta hau kansa.

Cinikin bayi wani abu ne dabam, kuma ƙasashe da yawa sun hana ciniki suka bar mallaka. Ingila ta haramta wa jiragenta safarar bayi a 1807, amma bayin gonakin rake na Jamaika suka ci gaba da zama bayi har dokar 1833, wadda ta ware fam miliyan 20 ta biya iyayengiji diyya. Bayin ba a ba su ko sisi ba. Akwai kuma mataki na tsakiya, wanda ya fi shafar ƙasashenmu, wato soke matsayin bauta a gaban kotu. In bawa ya gudu, alƙalin gwamnati ba zai mayar da shi ba, amma wanda ya riƙe bawan da bai gudu ba bai yi laifi ba.

A ƙasar Hausa ma bayi ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda aka kamo a yaƙi ko aka saya a kasuwa, akwai bacucane da aka haifa a gidan, wanda al'ada ke ƙyamar sayar da shi, akwai ƙwarƙwara ko sa-ɗaka. Murgu shi ne kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don ya bar shi ya yi sana'ar kansa, fansa kuwa ita ke raba shi da bauta gaba ɗaya.

Sai littattafan kansu. Wasu labarin rayuwa ne daga bakin wanda ya sha bautar, kamar na Frederick Douglass a 1845, ko na Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama, aka 'yanta shi a Borno, ya bi matafiyi Barth har Landan a 1855, ya ba da labarinsa da Hausa. Wasu kuma ƙagaggu ne, su ne abin dubawa a nan, domin marubucin ƙagaggen labari shi ke zaɓar wa zai sha wuya, kuma a hannun wa. A wannan zaɓin ake gane abin da yake tuhuma.

Dokar 1850 da littafin da ta haifa

A Amurka tushen abin ya girmi ƙasar kanta. Tun 1662 majalisar Bajiniya ta kafa doka cewa ɗa yana bin matsayin uwarsa: in baiwa ce shi ma bawa ne, ko da mai gidan ne ubansa. Auren bayi ba shi da matsayi a kotu. A jihohin Kudu bawa ba ya ba da shaida a kan farar fata. Karolina ta Arewa ta sa hukunci a 1830 kan koya wa bawa karatu da rubutu. Ana jinginar da bawa, ana ƙwace shi a bakin bashi, ana lissafa shi cikin gado tare da dawakai.

Jihohin Arewa sun soke bauta a cikinsu, sai kogin Ohayo ya zama iyakar da masu gudu ke fatan tsallakewa. A watan Satumba na 1850 majalisar tarayya ta toshe wannan hanya da sabuwar dokar kama bayin da suka gudu. Wani kwamishina ne kaɗai ke yanke hukunci, ba tare da zaman mutanen gari da ake yi a sauran shari'u ba. Wanda aka kama ba shi da damar ba da shaida don kare kansa. Kwamishinan yana karɓar dalar Amurka 10 in ya miƙa mutumin ga mai da'awa, dala 5 in ya sake shi. Wanda ya ɓoye gudajje ko ya taimaka masa yana fuskantar tarar dala 1,000 da ɗaurin wata 6, kuma jami'i na iya kiran kowane mai wucewa ya taya shi kamu. Da wannan, mutumin Boston da bai taɓa mallakar bawa ba ya wayi gari ɗan sandan mai gonar auduga. Baƙaƙen da aka haifa 'ya'ya ma ba su tsira ba, tunda rantsuwar mai da'awa ta isa, don haka dubbai suka tsallaka Kanada.

Harriet Beecher Stowe, ɗiyar limamin coci, ta yi shekaru a Sinsinati, a bakin wannan kogin, tana kallon Kentaki a ƙetare. Ta fara fitar da Uncle Tom's Cabin kashi-kashi a jarida a watan Yuni na 1851, littafin ya fito a Maris na 1852, aka sayar da kusan kwafi 300,000 a Amurka cikin shekarar farko. Waɗanda suka yi lakwal a nan sun fi saninsa da sunan La Case de l'oncle Tom.

Mai karatu yakan fita da sunan Legree a ransa, mugun mai gonar da Tom, bawan da labarin ke kansa, ya mutu a hannunsa. Amma Tom hannu uku ya ratsa, kuma biyun farko masu sauƙin hali ne. Shelby yana amincewa da shi har ya aike shi da kuɗi, sai bashi ya kama shi, ya sayar da Tom tare da ƙaramin yaron wata baiwar gidan mai suna Eliza. St. Clare ya yi alkawarin 'yanta shi, ya fara shirin takarda, aka soke shi da wuƙa ya mutu kafin a kammala, matarsa ta kai bayin gidan kasuwa. Babu inda aka karya doka a duk wannan. Ko da aka doke Tom har ya mutu, ɗan Shelby ya yi barazanar kai ƙara, Legree ya tambaye shi ina shaidunsa, kuma ba farar fata ko ɗaya da ya gani. Akwai kuma ɗan majalisa Bird, wanda ya goyi bayan dokar hana taimakon gudaddu, sai ga Eliza a ƙofar gidansa, ta gudo da ɗanta ta tsallake kogin Ohayo da ya daskare, ƙafafunta duk ƙanƙara ta yanke, shi da kansa ya ɗauke ta cikin dare ya kai ta maɓoya.

Hujjar littafin ke nan: kirkin ubangida ba ya kare bawa muddin doka ta lissafa shi cikin dukiya, domin bashi da mutuwa ba sa tambayar halin mai dukiya. Da Stowe ta cika littafin da mugaye kaɗai, da amsar ta yi sauƙi, a ce a hukunta mugaye a bar tsarin. Ta toshe wannan mafita tun daga shafin farko.

Martanin Kudu, da sukar baƙaƙe

Mutanen Kudu sun ce ƙarya ce. Suka fitar da littattafai sama da 20 masu nuna bayi cikin wadata da ma'aikatan masana'antun Arewa cikin yunwa. Hujjarsu ita ce dokokin jihohi sun hana kashe bawa, kuma mai dukiya ba ya lalata dukiyarsa. Stowe ta amsa a 1853 da littafi na biyu, A Key to Uncle Tom's Cabin, wanda ta cika da sassan doka, hukunce-hukuncen kotu da tallan jaridu na neman gudaddu. Cikin abin da ta kawo akwai shari'ar 1829 a Karolina ta Arewa, inda wani John Mann ya harbi wata baiwa mai suna Lydia da ya ɗauka haya, lokacin da ta gudu daga bulala. Kotun farko ta same shi da laifi, kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin. Alƙali Thomas Ruffin ya rubuta cewa dole ikon ubangida ya zama cikakke don biyayyar bawa ta cika, ya kuma yarda a cikin hukuncin cewa abin yana masa nauyi a rai. Shaida ce daga bakin tsarin kansa, wadda ba a iya cewa ƙirƙira ce.

Littafin bai sauya doka kai tsaye ba. Shekara 5 bayan fitowarsa ma dokar ƙara tauri ta yi: a 1857 kotun ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Dred Scott cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, kuma a shekarar aka ɗaure wani baƙar fata mai wa'azi, Samuel Green, shekara 10 a Merilan saboda an sami littafin a gidansa. Abin da littafin ya taimaka a kai shi ne aiki da dokar 1850 ya yi tsada a Arewa. A 1854 sai da aka jera sojoji a titunan Boston kafin a iya kai Anthony Burns, gudajje guda ɗaya, bakin jirgi. Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 da gyara na 13 ga tsarin mulki, a Disamba na 1865, su suka ƙare bautar.

Baƙaƙen Amurka ma ba baki ɗaya suka karɓi littafin ba. Douglass ya yaba masa, Martin Delany ya soke shi, musamman yadda a ƙarshe aka kwashe waɗanda suka tsira aka nufi Laberiya da su, kamar ba su da gurbi a ƙasar da suka gina. James Baldwin ya sake sukarsa a 1949. Wanda ya rubuta daga ciki shi ne William Wells Brown, gudajjen bawa, wanda dokar 1850 ta hana shi komawa gida daga Ingila. A littafinsa Clotel, na 1853, ɗiyar shugaban ƙasa ce ake gwanjonta a kasuwa saboda uwarta baiwa ce, wato dokar 1662 ce ya kai ta har gidan shugaban ƙasa.

Faransa, daga 1685 zuwa 1905

Dokar da ake kira Code Noir, ta zamanin Louis na 14 a 1685, ta lissafa bayin tsibiran Faransa cikin dukiyar da ake ɗauka a sashe na 44. Sashe na 38 ya ce gudajje a yanke masa kunnuwa a yi masa lalas a karon farko, a yanke masa agara a na biyu, a kashe shi a na uku. Dokar ta kuma wajabta ciyar da bawa, ta hana raba miji da mata da ƙananan 'ya'yansu wajen sayarwa, sai dai waɗannan sassan ba su cika samun mai tsaya musu ba. An soke bauta a 1794, Napoleon ya dawo da ita a 1802, aka sake soke ta ranar 27 ga Afrilu 1848, aka kuma biya iyayengiji.

A tsakanin nan, a 1823, Claire de Duras ta fitar da Ourika, labarin yarinya 'yar Senegal da aka ceto daga jirgin bayi aka raine ta a gidan manya a Paris. Ba mai dukanta, ba mai sayar da ita, ta yi ilimi, sai ranar da ta ji ana cewa ba wanda zai aure ta. Gajeren littafi ne, amma ya taɓa abin da doka ba ta kai gare shi ba, kuma mutumin Maradi da ya taɓa ganin an fasa aure bayan binciken asali zai gane shi ba sai an yi masa bayani ba.

Dokar 1848 ba ta iso nan ba, tunda Faransawa ba su kama wannan ƙasa ba sai wajen 1900. Wadda ta shafe mu ita ce ta 12 ga Disamba 1905, wadda ta hana saye da sayarwa da kyauta da musayar mutum a Afirka ta Yamma ta Faransa. Ba ta ce a saki waɗanda ke cikin gidaje ba. Kwamandoji na bukatar sarakuna don haraji da ma'aikata, sai takardu suka koma kiran bayi barori, Faransa kuma ta ɗora nata aikin dole, wanda ba a soke ba sai 1946 da dokar Houphouët-Boigny.

Iyakar da fiƙihu ya ja, da wanda ke yanke ta

Masu cewa tamu daban suna da hujja mai ƙarfi. A mazhabar Malikiyya ba a bautar da ɗa Musulmi. Ɗan da ubangida ya haifa da ƙwarƙwararsa ɗa ne, yana gado, yana iya sarauta, uwarsa kuma ba a sayar da ita, tana 'yantuwa ranar da ya mutu. Wannan kishiyar dokar Bajiniya ce. Auren bawa aure ne. 'Yanta wuya kaffara ce, yana cikin wuraren da ake kai zakka, kuma Suratun Nur ta yi umarni a rubuta wa bawa yarjejeniyar fansa in ya nema. Bayin sarki sun riƙe muƙamai da dawakai da ba kowane ɗa ke samu ba.

Amma wannan fiƙihun ya yarda da saye da sayarwa da gadon bawa, kuma ɗan da baiwa ta haifa wa mijinta bawa na mai baiwar ne. Rinji gonar bayi ce, kuma ayarin da ke bin Murzuk zuwa Tarabulus ba fatu da gashin jimina kaɗai yake ɗauka ba.

Inda abin ya fi rauni shi ne tambayar wa ke yanke cewa wane Musulmi ne. A 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya amsa wa mutanen Tuwat, a saharar Aljeriya ta yau, da suka tambaye shi wa ya halatta a bautar, cewa launin fata ba ya halatta bauta, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Gobir da Borno da Songai a cikin ƙasashen Musulmi da ba a mallakar mutanensu. Da ba a ganin mutanen waɗannan ƙasashe a kasuwannin arewa, da ba a aiko masa da tambayar ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kuka da sayar da 'ya'ya Musulmi, kuma kuɓutar da mutanen Gimbana da dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka kamo yana cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan jihadi sai tambayar ta juya. Sarakunan Katsina da aka kora suka kafu a Maradi, Gobirawa a Tsibiri, aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana kai wa juna hari, har zamanin Ɗan Baskore da bayansa. Sakkwato na ganinsu waɗanda suka juya wa jama'a baya, su kuma suna ganin kansu Musulmi masu neman gadon iyayensu. Shehu al-Kanemi na Borno ya yi wa Muhammadu Bello irin wannan tambaya a wasiƙunsu. Kowane ɓangare ya kama mutanen ɗaya, kuma a aikace wanda ya ci yaƙin ranar shi ke yanke matsayin manomin da aka tarar a gona.

Shaihu Umar

Abubakar Tafawa Ɓalewa yana matashi ya rubuta Shaihu Umar don gasar da hukumar fassara ta Zariya ta shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Dokar da ke aiki a Arewacin Najeriya a lokacin ta samo tushe daga ta gwamnan Ingilishi Lugard ta 1901: an hana hari da ciniki, an soke matsayin bauta a kotun gwamnati, duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, waɗanda ke cikin bauta kuwa su fanshi kansu a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya ba sai 1936. Wato ranar da littafin ya shiga makarantu akwai bayi a gidajen wasu masu karanta shi.

An sace Umar yana yaro, ya ratsa hannuwa har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, wanda ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi har ya zama shaihi. Uwarsa ta fita nemansa, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta ƙare a Tarabulus, suka haɗu, ba a daɗe ba ta rasu.

Ana karanta littafin ta fuska biyu. Wasu na cewa bai tuhumi bauta ba, satar 'ya'ya da cin amana ya tuhuma. Hujjarsu Makau, mijin uwar Umar, wanda labarin ya nuna a matsayin mai gaskiya da fadawa suka yi wa sharrin ɓoye bayi, alhali bayin a hari ya kamo su, kuma littafin bai tsaya ya ba waɗanda aka kamo suna ko uwa mai kuka ba. Wasu kuma na cewa malamin makaranta matashi, mai rubutu a ƙarƙashin sarakuna da Turawa, iyakar abin da zai iya faɗa ke nan, kuma wahalar uwar ita ce zuciyar littafin.

Fuskar farko ta fi kusa da abin da ke shafin. A wajen Stowe ubangida na kirki ya kasa kare bawansa, a wajen Ɓalewa ya iya. Bambancin daga doka ya fito. Stowe tana gaban dokar da ita kanta ke raba uwa da ɗa, dole ta tuhume ta. Ɓalewa yana gaban masu karatun da suka san shari'a ta hana sayar da ɗiya Musulma, don haka nuna an sayar da ita ya isa ya tayar da hankali. Abin da wannan ya jawo shi ne waɗanda shari'ar zamanin ta yarda a kama sun rage a wajen tausayin labarin. Duk da haka mai karatu da ya lura zai ga uwa da ɗa sun shiga bauta ɗaya, ɗaya ya fito shaihi, ɗaya ta ƙare a wahala, kuma abin da ya raba su halin wanda ya saya ne kawai.

Dokar 2003 da shari'ar Hadijatou Mani

Nijar ba ta sa bauta cikin kundin hukunta laifuka da sunanta ba sai dokar 13 ga Yuni 2003, bayan matsin ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. Hukuncin babban laifin ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ne, da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. An yi sabani kan girman matsalar: binciken da ƙungiyoyi suka fitar ya ce aƙalla mutum 43,000, gwamnatin lokacin ta ce babu bauta a ƙasar, aka soke bikin 'yanta mutane da aka shirya a In Ates a 2005, aka tsare shugaban Timidria, Ilguilas Weila.

An sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana shekara 12, a kan jika 240, ga wani mai mata huɗu, a matsayin wahaya, wadda wasu ke kira mata ta biyar. Ba sadaki, ba ɗaurin aure. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, da ta tashi tafiya ya ce matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure. Kotun sama da ita ta soke wannan, ta dogara da al'adar da ke cewa baiwar da aka 'yanta matar ubangidanta ce. Da Hadijatou ta auri wanda take so, ita aka yanke wa wata 6 kan aure a kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, tana zama a Yamai, ta ce an bautar da ita, kuma ƙasa ce ke da alhaki saboda alƙalanta sun ga bauta a takardun da ke gabansu ba su yi kome ba. Aka yanke mata diyyar sefa miliyan 10. Dokar 2003 tana nan duk tsawon shari'ar: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Masu kare wahaya suna fakewa da ayoyin abin da hannun dama ya mallaka. Malamai da yawa suna amsa musu da ƙa'idar Ahmad Baba: ɗiya Musulma ba ta sayuwa, ba kuma yaƙin shari'a da aka kamo yarinyar a cikinsa, don haka zaman ba aure ba ne, ba kuma mallaka ba. A 2014 kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara 4 kan riƙe wahaya.

Abin da ya shafi talaka

Rahotannin wahaya sun fi fitowa daga jihar Tawa, wajen Ƙonni da Madawa da Illela, ƙofar gidan Maradi ke nan. A cikin gari abin ya fi fitowa a wajen neman aure, a rikicin gonar da iyali suka gada suna nomawa sai jikokin tsohon ubangida su ce tasu ce, da wajen zaɓen liman ko mai gari. Kotunan Nijar suna aiki da al'ada a sha'anin aure da gado da gonakin da ba su da takarda, kuma ta nan ne tsohon matsayi ke shigowa ko da dokar laifuka ta hana shi. Doka na iya ɗaure mai sayar da yarinya. Ba ta iya tilasta wa uba ya ba da ɗiyarsa ga wanda yake kira bacucane.

Dokar 2003 ta ba ƙungiyoyin yaƙi da bauta masu rajista damar shigar da ƙara da kansu, abin da ke da amfani ga matar da ba ta da kuɗin mota zuwa kotu, balle lauya. Abin da ya sauya shi ne hanyar waje. Ficewar Nijar daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, kuma kotun ƙungiyar ita ce wadda ba ta sharɗanta sai an gama da kotunan gida ba. Gwamnati ta kawo wannan hujja a shari'ar Hadijatou, kotun ta ƙi ta. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul kuwa tana da wannan sharaɗi. Saboda haka wanda ya shiga irin halinta yau, nauyin maganarsa yana kan jandarman da ya fara karɓar ƙorafi da alƙalin farko a Madawa ko Dakoro ko Gidan Rumji. Hadijatou kanta, shari'arta ta cikin gida da aka fara a 2006, sai a 2019 kotun ƙoli ta ƙasa ta yanke cewa zaman wahaya ba aure ba ne.